Zanen Ƙarshe na Malam Habu

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar mijina, Malam Habu Mai Zane na unguwar Yakasai, Allah ya jiƙansa da rahama. Yana raye ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, Malam nake cewa, yadda aka tarbiyyantar da mu. Yau na rubuta sunan a jarida kowa ya gani, domin akwai mutumin da ya daɗe yana cin albarkacin aikinsa, yana kuma haɗiye sunan.

Hannunsa na fara gani kafin fuskarsa. Ina budurwa aka aike ni daga gidanmu na Kabara zuwa wajen gwaggona, na biyo ta wani lungu, sai na hangi zaure a buɗe. An shimfiɗa farin yadi a kan tabarma, wani siririn hannu yana tafiya a kai da alƙalamin kara. Babu ma'auni, babu takardar kwafi. Hannun ya ɗauko layi daga can gefe, ya lanƙwaso shi, ya zagayo, ya dawo ya haɗe shi da inda ya faro, kamar dama an yi musu alkawarin haɗuwa. A ƙarƙashin mayafina ranar akwai littafin soyayya da na karɓo haya. A irin littattafan nan saurayi a mota yake zuwa, ƙamshin turarensa ya riga shi sallama, kuma shi nake jira tun da na iya karatu. Wanda Allah ya tanadar mini ko ɗagowa bai yi ba. Sai da na daɗe a tsaye ya ce, "'Yammata, kin tare mini haske."

Na matsa gefe, amma ban tafi ba. Daga ranar gwaggona ta rasa gane abin da ya sa na zama mai son aike.

Bari in yi wa yaran yau bayanin sana'ar, don da yawansu sun ɗauka adon da ke gaban babbar riga daga sama yake faɗowa. Kafin allura ta taɓa yadi, sai an kai shi wajen mai zane. Shi zai zauna da tawadar gawayi da ƙaro, irin wadda ake rubutu a allo da ita, ya fitar da dogayen asaken nan da ke saukowa daga kafaɗa, da da'irar da ake kira tambari, da sauran ado. Daga nan a kai wa masu ɗinkin hannu, su bi layinsa da zare, wata da watanni, har su rufe shi ruf. Ranar da riga ta kammala, ranar ce aikin mai zane yake ɓacewa daga ido. Yana nan kwance a ƙarƙashin zaren, ruwa ma ba ya cinye shi duka, amma ba mai ƙara ganinsa. Haka Malam ya ƙare rayuwarsa, yana zana abin da wasu za su rufe.

Mai kawo masa yadi shi ne Alhaji Tanimu, dillalin riguna, mutumin Madabo, abokinsa tun suna makarantar allo. Shi ke kawowa, shi ke ɗauka, shi ke raba wa masu ɗinki, shi ke tsayawa a gaban mai saye. Don haka a kasuwa ba a taɓa cewa rigar Habu ba, rigar Tanimu ake cewa. Abin nan ya ci mini rai tun ina amarya. In na yi magana, sai Malam ya yi dariya ya ce, "Binta, in mai riga ya shiga taro aka juyo aka dube shi, ina nan zaune nake ji a jikina. Me kuma kike so?" Suna nake so. Har yau ban daina jin haushin wannan dariyar ba, duk da kewarta da nake yi.

Akwai wani abu da ya ƙara a zanensa wanda ban taɓa gani a rigar kowa ba kafin tasa. Wani siririn layi ne da ke ɓallewa daga jikin tambari, ya gangaro yana lanƙwasa nan da can kamar lungun cikin gari, sannan ya shige ƙarƙashin aljihu ya ɓuya. Wata rana na kawo masa kunu, na tsuguna ina kallo, na ce, "Na gane wannan. Hanyar gidanmu ce zuwa zaurenka."

Ya dube ni, ya dubi yadin. Ya ce, "Wurin ne ya yi fili, na cike. Littattafan nan sai sun ƙarasa ki."

Ban yi musu ba. Amma na tambayi tsofaffin masu ɗinkinsa, sun ce kafin aurenmu ba ya yin layin. Mutumin birni na wancan zamani ba zai buɗe baki ya ce wa matarsa yana sonta ba ko za a yanka shi. Ni dai na riƙe tawa fassarar, kuma ina ganin in akwai mai haƙƙin fassara layin nan a duniya, ni ce.

A shekararsa ta ƙarshe hannunsa ya fara rawa. Alhaji Tanimu bai jira komai ba, ya daina kawo yadi, ya koma wajen samarin da ke ɗora sabon yadi a kan tsohuwar riga suna kwafa. Ko dubiya sai da aka yi masa gori sannan ya zo. Malam ya aika aka yanko masa farar shadda da kansa, ya shimfiɗa, ya riƙa zanawa kaɗan-kaɗan da hantsi, lokacin da hannun ya ɗan lafa. Ba wanda ya ba shi aikin, ba wanda ya ce masa sa kaza cire kaza. Da ya gama ya ninke ya miƙo mini ya ce, "Ajiye." Na ce ta wane ne? Ya ce, "Ta wanda ta yi wa daidai." Damina ba ta same shi ba.

Wannan yadin shi ne wuri ɗaya tak a duniya da ido zai ga layin Malam tsirara. Ina takaba nakan shimfiɗa shi a kan gado in zauna. Ga inda alƙalami ya sha tawada ya yi kauri, ga inda ya ƙafe ya sirance, ga inda hannun ya yi rawa ya tsaya ya huta sannan ya ci gaba. Kamar in ji numfashinsa. Na naɗe shi a cikin wani zane na sa a ƙasan akwati, nesa da bango saboda laima, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya yi masa ɓarna. Jikoki sun san ɗakin Umma ana shiga, amma akwatin nan ba a jingina da shi.

Bayan 'yan shekaru sai na wayi gari Alhaji Tanimu ya zama masani. Ana gayyatarsa shirin al'adu a rediyo, ɗalibai suna zuwa rumfarsa da wayoyi suna naɗar maganarsa, har da baƙi masu tafinta. Ya sami baki. Asake, in ji shi, takubban mayaƙan da ne. Tambari alamar mulki ce. Wannan ban damu ba, kowa da abin da yake gani a riga, kuma wataƙila akwai gaskiya a ciki. Amma wata ranar Asabar ina tuƙa tuwo na ji mai gabatarwa ya tambaye shi siririn layin nan da ke lanƙwasa. Ya gyara murya ya ce ganuwar birni ce da ƙofofinta, shi ya ƙirƙiro ta don tunawa da kakanni. Aka ce to wa yake zana masa? Ya ce, "Akwai wani bawan Allah da nake ba wa aiki, Allah ya jiƙansa. Ni ke faɗa, shi ke zanawa. Hannu ne kawai."

Wani bawan Allah. In ji mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sa hannu a kwanon gidanmu, wanda ko da'ira aka ce ya zana a ƙasa sai ta fito kamar ƙwan agwagwa. Tuwon ranar ya kama, ban ma ji ƙaurinsa ba sai da maƙwabciya ta ƙwala mini kira.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da yana nan. Na san amsar, kuma ita ce ke ƙara ƙona ni. Zai murɗe rediyon ya ce, "Bar Tanimu da bakinsa, shi ne jarinsa." Zai dubi rigunan da samari ke sawa yanzu, masu ƙyalli kamar takardar alawa, waɗanda inji ke bugawa tsakanin azahar da la'asar, ya ce ai ba laifi, talaka ma ya sami ta sawa. Mutum ne da ba a iya yin faɗa da shi, kuma ba a iya yin faɗa dominsa ba tare da an ji kamar ana saɓa masa ba. Irin wannan haƙurin shi ya ba wa su Tanimu fili. Ina faɗa ne da sanin cewa mamaci ba ya kare kansa: Malam ya bar ni da yaƙin da ya kamata ya yi da kansa.

Alhaji Tanimu ya san da zaman yadin, mata sun kai masa labari. Ya kuma san abin da yadin yake nufi: zane ne da aka yi bayan ya juya baya, babu wanda ya tsaya a kai yana faɗa, ga kuma layin nan a jiki ya fi na ko'ina kyau. Ya aiko a ba shi aro zai nuna wa baƙi, na hana. Ya aiko zai saya, na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi. Sai ya haƙura, na ɗauka. Ashe jira yake autana Mubarak ya isa aure.

Da aka sa ranar bikin, Mubarak ya shigo ya zauna a bakin gadona yana murza hula. Ya ce, "Umma, Baba Tanimu ya ce in kin amince zai sa a ɗinka mini rigar Baba, gudunmawarsa ke nan."

Na ce, "Tun yaushe ya zama babanka?"

Ya ce, "Umma, kowa ranar ɗaurin aurensa ubansa yana tsaye a gefensa. Ni wannan ce kawai. Kuma ke kika ce mini da ya ba ki ya ce ta wanda ta yi wa daidai ce. Baba bai zana riga don ta zauna a akwati ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma da muryar ubansa ya faɗe ta. Na kwana biyu ina juya maganar. Na ga in an ɗinka da hannu, ido zai rasa layin, amma layin ba zai tafi ba. Zai kwanta a ƙarƙashin zare a kan ƙirjin ɗansa, yadda Malam ya saba barin aikinsa. Na ga kuma duk wanda ya tambayi Mubarak a wajen ɗaurin aure, zai ce zanen mahaifina ne, a gaban mutanen birni. Na ce a kira mini Alhaji.

Ya zo ya tsaya a zaure, ni ina daga bayan ƙofa. Na ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Ɗinkin hannu, wajen tsofaffin da suka san aikinsa. Allura ta bi layinsa, kada a ƙara, kada a rage."

Ya ce, "Haba Hajiya, sai kin faɗa? Ni da Habu fa tare muka tashi."

Na ce, "Ashe kana tune da sunan."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya Binta ba a rasa ki da magana. Wallahi za ki ga aiki."

Kafin yadin ya fita Mubarak ya ɗauki hotonsa da waya, amma siririyar tawada a kan farar shadda ba ta fita a hoto. Abin da ya samu kamar saƙar gizo-gizo a jikin bango. Na ninke yadin da hannuna na ba shi. Ban yi nadamar ba wa ɗana abin ubansa ba, kuma ba zan yi ba. Laifin yana inda yake.

Rigar ta dawo da wuri. Wannan kaɗai ya sa na fara zargi, don na zauna da sana'ar nan na san ɗinkin hannu ba ya sauri. Da na buɗe ledar ban buƙaci a faɗa mini ba. Zaren yana ƙyalli, aikin ya sandare kamar kwali, kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa. Siffar zanen tana nan, amma an miƙar da duk inda hannun Malam ya yi rawa. Layina ma an daidaita lanƙwasarsa, ta zama kamar matakalar bene. Na ɗauko reza, na shiga ta bakin aljihu inda ba a gani, na ɗaga zare kaɗan. Fari fat. Na ƙara ɗagawa a wani wurin. Babu ko inuwar tawada.

Tun da aka kai ni gidan Malam ban taɓa zuwa rumfar namiji da faɗa ba. Ranar na je. Na same shi a kan kujera, wasu ɗalibai biyu a gabansa.

Na ce, "Alhaji, ina tawadar?"

Ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. A ba ta kujera. Wace tawada?"

"Wadda na ba ka a jikin yadi."

Ya dubi ɗaliban, ya rage murya. "To ai masu ɗinkin hannun cewa suka yi sai bayan babbar sallah, ga biki ya matso. Sai na sa aka kwafi zanen a kwamfuta. Shi kuma inji, kin gane, ba ya bin layin mutum, nasa yake bi. In an bar tawadar za ta leƙo ta gefen zare ta ɓata aiki. Yara suka jiƙa shi suka ɗauraye. Amma ga zanen nan ai, har ya fi na da fitowa."

Na ce, "Ka rantse da Allah a zaurena."

Ya ce, "Cewa na yi za ki ga aiki. Ba ki gani ba?"

Na juya wajen ɗaliban na ce, "'Ya'yana, ku rubuta wannan ma a tarihin naku. Ku ce kun ga mutumin da ya wanke abokinsa a bokiti." Ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan ya kashe wayarsa. Alhaji ya ce musu, "Ku yi haƙuri da ita, mata da zuciya." Ban sani ba ko sun rubuta.

A littattafan da na tashi da su, a nan ne ake tona asirin mugu a babin ƙarshe, jama'a su taru ya durƙusa yana kuka. Na karanta irinsu ba iyaka, na kuma yarda da su fiye da yadda ya kamata a yarda da takarda. A Kano ba haka aka yi ba. Na koma gida na ɗinke inda na ɓamɓare, na goge rigar, ban faɗa wa ɗana ba. Mubarak ya sa ta ranar ɗaurin aure yana ta shafa ƙirji, yana ce wa abokansa hannun babana ne a nan ƙarƙashi. Ina cikin gida mata suna guɗa, ni ina murmushin da ya fi kuka ciwo. Sai da amarya ta tare, baƙi suka watse, sannan na faɗa masa. Ya ninke rigar ya sa a ƙasan kaya, bai ƙara sa ta ba, bai kuma ƙara sa wata babbar riga ba, ko da sallah.

Kwafin kuwa ya zauna a kwamfutar. Kafin shekara ta zagayo na fara cin karo da zanen ƙarshe na Malam a ƙirjin samari a bakin masallaci, shuɗi, ruwan ƙasa, ruwan goro. In ka tambayi sunan aikin, sai a ce maka ganuwar Tanimu.

To me ya rage na Malam Habu? Na daɗe ina auna wannan. Ba shi da bango da za a nuna, ba shi da littafi, babu ko ƙyalle da za a ɗaga a ce ga hannunsa. Abin da ya rage yana cikin akwatunan dattawan birni, tsofaffin rigunan da aka daina sawa, masu nauyi, waɗanda zarensu ya dushe. A ƙarƙashin kowace akwai shi. Masu su ba su sani ba, magadansu za su sayar ko su yi sadaka da su ba tare da sun sani ba. Don haka nake roƙon mai karatu: in akwai irin wannan riga a gidanku, ka duba gefen tambari. In ka ga siririn layi ya ɓalle yana lanƙwasa har ya shige ƙarƙashin aljihu, kuma lanƙwasar ba ta yi daidai da juna ba, to ba ganuwa ba ce, ba kuma na Tanimu ba ne. Ka faɗa wa 'ya'yanka Habu na Yakasai ne ya zana.

Shi kuwa Alhaji Tanimu, bara waccan ya faɗi a rumfa, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa sun kwashe rigunan, sun zuba kayan waya a wurin. Ɗalibai sun daina zuwa, rediyo ta sami wani masanin. Matarsa, baiwar Allah da ba ta taɓa yi mini komai ba, ta zo har ɗakina ta durƙusa ta ce, "Yaya Binta, don Allah ki yafe masa."

Na ce, "Ya koma inda ya ce wani bawan Allah, ya faɗi sunan. Shi ke nan abin da nake nema."

Ta fashe da kuka ta ce, "Ai bakin ya tafi. Ko ruwa sai da nuni."

Yanzu da hantsi ana fito da shi ƙofar gida a Madabo, a jingina shi da matashi. In hanya ta bi da ni ta nan ina yi masa sallama, in ce Allah ya ƙara sauƙi, don addini bai ba ni damar wucewa haka ba. Idonsa yana bi na, leɓensa yana motsi, miyau yana zuba. Matarsa ta rantse mini cewa Habu yake son cewa, tun da ya kwanta shi kaɗai yake ƙoƙarin furtawa. Wataƙila haka ne. Nakan ɗan dakata in saurara. Har yau ban ji ba.